Shugaban Ƙasa Ya Ba da Hutu Don Karrama Gwarzo: Wa Dokar Ta Ɗaure, Wa Ta Ƙyale?

Tambaya: Wani Alhaji mai gidan burodi a Jos ya aiko yana cewa: "Ranar da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, Allah ya gafarta masa, gwamnatin tarayya ta ba da hutu. Rabin yarana ba su zo aiki ba, waɗanda suka zo kuma suka ce sai na biya su ninki biyu. Shin shugaban ƙasa yana da ikon ya wayi gari kawai ya ce yau babu aiki saboda mutum ɗaya? Hutun ya hau kan irinmu masu sana'ar kanmu? Za a riƙa yin sa duk shekara? In kuwa ana ware wa gwarzo rana, me ya sa babu ranar Sardauna ko ta Murtala?"

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayoyinka huɗu ne, amma duk a igiya ɗaya suke rataye. A dokar Najeriya hutu iri biyu ne: akwai wanda sanarwa ce take haifar da shi, ya yi yini guda ya wuce, akwai kuma wanda sunansa ke rubuce a cikin doka, yana dawowa kowace shekara ko da wa ke kan mulki. Hutun jana'izar Buhari, na Talata 15 ga Yulin 2025, irin na farkon ne. Da zarar ka riƙe wannan bambanci, sauran zai zo da sauƙi.

Dokar da ke kula da wannan fanni ita ce Dokar Ranakun Hutu, wadda aka kafa tun 1979, kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na P40. Gajeriyar doka ce, mutum zai karance ta kafin shayinsa ya huce. Sashe na 1 ya ce ranakun da aka jera a jadawalin da ke ƙarshenta hutu ne a duk faɗin ƙasa: ranar sabuwar shekara, Juma'a da Litinin na Ista, ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, ranar dimokuraɗiyya, ranar 'yancin kai ta 1 ga Oktoba, Kirsimeti, sai Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi, waɗanda ministan harkokin cikin gida ne ke ayyana ranarsu saboda sun dogara da ganin wata. Sashe na 2 shi ne ya amsa tambayarka ta farko. Ya ba shugaban ƙasa iko ya ware wata rana ta musamman, ta hanyar sanarwa ga jama'a, a matsayin hutu a duk ƙasa ko a wani ɓangare nata. Dokar ba ta ce sai ya nemi amincewar Majalisar Tarayya ba, ba ta lissafa dalilan da za su sa ya yi ba, ba ta kuma gindaya masa kwana nawa zai ba mutane su shirya ba. Saboda haka eh, yana da ikon, kuma ikon mai faɗi ne. Rasuwar babban mutum, rantsar da sabon shugaba, jajibirin zaɓe, duk ta wannan ƙofa suke shigowa.

A aikace shugaban ƙasa ba ya fitowa da kansa ya karanta sanarwar. Yana amincewa ne, sai Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da ke Abuja ta fitar da takarda da sunan minista a madadin gwamnatin tarayya, galibi da sa hannun babban sakataren ma'aikatar. Haka aka yi a na Buhari, minista Olubunmi Tunji-Ojo ne ya sanar. Wannan yana da amfani ka sani, domin a duk lokacin da wani babba ya rasu sai takardun bogi su cika WhatsApp, wasu ma tsofaffin sanarwa ne aka canza musu kwanan wata. Kafin ka sallami yara ko ka rage kwaɓi, ka duba abu uku a jikin takardar: daga wace ma'aikata ta fito, wace rana da kwanan wata ta ambata, sannan ko gidajen rediyo da talabijin na gwamnati sun karanta ta. Ka kuma karanta har ƙasa, don togaciya a can take ɓuya. Lokacin da aka ɗage zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da mako guda, gwamnati ta ba da hutun Juma'a 22 ga Fabrairu don mutane su koma garuruwansu, amma a cikin sanarwar an cire ma'aikatan banki da masu ayyukan da jama'a ba za su iya rashinsu ba. Wanda ya tsaya a kanun labari bai ga wannan ba.

Ƙorafin da ya fi yawa a kan hutun makoki shi ne yana zuwa a ƙurarren lokaci, kuma ƙorafi ne mai tushe, sai dai akwai uzuri. Gawar Musulmi ba ta jira. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu daren Laraba 5 ga Mayun 2010 a fadar shugaban ƙasa, aka ba da hutun Alhamis 6 ga wata, a ranar aka rantsar da Goodluck Jonathan, a ranar kuma aka binne marigayin a Katsina. Buhari ya rasu Lahadi 13 ga Yulin 2025 a Landan, ana buƙatar lokacin da za a kammala takardu a ɗauko gawa, sai jana'izar ta kai Talata a Daura, sanarwar hutun kuma ta fito ranar Litinin. Ka kwatanta da Nnamdi Azikiwe, wanda ya rasu a watan Mayun 1996 amma ba a binne shi ba sai a Nuwamba. A irin nasa ana iya tsara komai watanni kafin ranar. A irin na farkon kuwa yini ɗaya ake da shi, ko ƙasa da haka. Abin da nake ganin gwamnati za ta iya gyarawa shi ne ta daina barin sanarwa sai bayan an tashi daga aiki idan an riga an san ranar jana'iza, domin a wannan 'yan sa'o'in ne mai gidan burodi, da shugaban makaranta, da likitan da ya ba marasa lafiya ranar tiyata suke yanke shawararsu.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar: zaman makoki na ƙasa daban, hutu daban. A rasuwar 'Yar'aduwa da ta Buhari an ayyana makoki na kwana bakwai, amma hutu yini ɗaya ne kacal a kowanne. Sauran kwanakin ana zuwa aiki, abin da ya canza kawai shi ne an sassauto da tutoci zuwa rabin sanda, an kuma dakatar da wasu bukukuwan gwamnati. Da tsohon shugaba Shehu Shagari ya rasu ranar 28 ga Disamban 2018 a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, gwamnatin tarayya ta yi umarnin sassauto da tuta na kwana uku, ba ta ba da hutun ƙasa ba. Wannan ya nuna maka babu wata ƙa'ida da ta ce tsohon shugaba in ya rasu dole a yi hutu. Shawarar wanda ke kan kujera ce. (Ga masu tuta a ƙofar makaranta ko kamfani: ba a ɗaga ta kai tsaye zuwa tsakiya. Ana kai ta ƙololuwar sanda tukuna sannan a sassauto, da yamma ma a mayar da ita sama kafin a sauke gaba ɗaya.)

Gwamnoni ma suna da nasu rabon. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa batun ranakun hutu a lamba ta 51 cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka, amma ita dokar tarayyar, a ƙaramin sashe na biyu na sashe na 2, ta ara wa gwamna ikon ware rana ta musamman a jiharsa ko a wani yanki nata. Da wannan ikon ne gwamnan Katsina Dikko Raɗɗa ya ba da hutun Litinin 14 ga Yuli, ƙungiyar gwamnonin Arewa, wadda Filato ke cikinta, ita ma ta sanar da hutun Talata. Da shi ne kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Jigawa suke ba da hutun sabuwar shekarar Musulunci. Ikon gwamna yana ƙarƙashin na tarayya, don haka zai iya ƙara rana amma ba zai iya soke wadda tarayya ta bayar ba. Inda ake samun karo a gari kamar Jos shi ne idan hutun na jiha ne kaɗai. Sakatariyar jiha za ta kasance a rufe, makarantun jiha ma haka, amma ma'aikatun tarayya da bankuna galibi suna jiran umarni daga hedikwatarsu, kuma sau da yawa za ka tarar sun buɗe. Mai uzuri a sakatariyar tarayya ko Jami'ar Jos a irin wannan rana gara ya buga waya kafin ya ɗauka an rufe.

Yanzu ga wadda ta fi damunka. Shin dole ka rufe gidan burodi? A'a. Babu inda dokar ta hana ɗan kasuwa buɗe shagonsa, babu tara, babu ɗauri. Shi ya sa a ranar za ka ga 'yan gwari a Farar Gada suna sauke tumatir, 'yan Katako suna auna hatsi, masu shayi suna kan teburinsu, kuma babu wanda ya karya doka. Abin da dokar ta yi a sashe na 4 shi ne ta kare mutum daga tilas: ba za a tilasta wa kowa ya yi wani abu a ranar hutu ba idan ba za a iya tilasta masa yin sa ranar Lahadi ba. Lahadi ce ma'aunin, ko kai Musulmi ne ko Kirista. To sai ka tambayi kanka, yaranka suna aiki ranar Lahadi bisa yarjejeniyar da kuka yi da su? Idan tsarin gidanka na karɓa-karɓa ne, tanda ba ta mutuwa ko wace rana, kuma da wannan sharaɗin suka shigo, to wanda layinsa ya faɗo ranar hutu aikinsa na nan a kansa. Idan kuwa ka saba rufewa duk Lahadi, wanda ya ƙi zuwa ranar hutun yana da hujja, kuma kuskure ne ka yanke masa albashi ko ka kore shi a kan wannan.

Ko a gwamnati ma hutu ba ya kwantar da kowa. Sashe na 6 ya ba babban sakataren ma'aikata ko shugaban hukuma damar kiran ma'aikatansa aiki a ranar hutu idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Da wannan ne sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Lamingo, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da jami'an filin jirgi suke ci gaba da aiki.

Maganar ninki biyu fa? Mutane da yawa sun ɗauka doka ce, alhali al'ada ce da wasu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka rubuta cikin yarjejeniyarsu. Dokar Ƙwadago, a sashe na 13, ta bar wa ma'aikaci da ubangidansa, ko ƙungiya da kamfani, su tsayar da sa'o'in aiki, ta ce abin da ya haura wannan ƙarin lokaci ne, amma ba ta yanke farashinsa ba. Abin da ta wajabta shi ne hutun yini ɗaya cikakke, sa'o'i 24 a jere, a cikin kowane kwana bakwai, in an ci wani abu daga ciki a rama masa da wani lokacin ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Sashe na 18 kuma ya ba shi aƙalla kwana shida na hutun shekara da albashi bayan ya cika wata 12 yana aiki. Don haka yaranka ba su da ayar doka da za su nuna maka ta ninki biyu, sai dai in ka taɓa yi musu alkawari ko ka saba biyansu hakan, wanda a nan ya zama sharaɗi tsakaninku.

Duk da haka ba na ba ka shawarar ka tsaya a kan iyakar abin da doka ta tilasta. Wanda ya tsaya gaban tanda ranar da 'yan'uwansa ke gida ya cancanci wani abu a kai. Hanyar da ta fi kawo zaman lafiya ita ce a rubuta tun kafin ranar ta zo. Dokar Ƙwadagon ma, a sashe na 7, ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa, har da sa'o'i da hutu da biyan hutu. Ka sa layi uku a ciki. Na farko, gidan yana aiki a ranakun hutu, na jadawali da na ba-zata, kuma za a riƙa juya layin tsakanin ma'aikata. Na biyu, wanda ya yi aiki a ranar zai sami ƙari kaza, ko a ba shi wata rana a madadinta cikin makonni biyu. Misali in kuɗin yininsa naira 4,000 ne kuka yarda da ƙarin rabi, ya tafi da 6,000. Na uku, mai albashin wata ba a taɓa albashinsa idan kai ne ka rufe. 'Yan biyan kullum su ne hutun ba-zata ya fi cutarwa, don ranar da babu aiki babu kuɗin cefane, kuma babu wanda ke rama musu. In kana da hali ka ba su ko da rabin yini ne ranar da ka rufe ba da shirinsu ba. Idan saɓani ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Jos da ke sasanci, bayansa kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a garin, kuma takardar nan ita za a fara tambayarka.

Ta fuskar kasuwa, abin da ke lalacewa a irin wannan rana sananne ne. Makarantu da ofisoshi ba sa karɓar kaya, zirga-zirgar safe tana raguwa, don haka wanda ya kwaɓa buhunan da ya saba zai kwana da kwantai. Bankuna a rufe suke, cinikin yini zai kwana a hannunka, ka tanadi inda za ka ajiye shi. Tiransifa ta waya da ATM da masu POS suna aiki, amma cak ɗin da ka ba dilan fulawa ba zai wuce ba sai ranar aiki ta gaba, kuma in kuɗi suka maƙale a hanya babu teburin da za ka kai kuka sai gari ya waye. Kasuwar hannun jari ma ba ta ci.

Masu shari'a a kotu suna da nasu lissafin, kuma a nan kuskure yana da tsada. Dokar Fassara, a sashe na 15, ta ce idan ranar ƙarshe ta wa'adin da doka ta ba ka ta faɗo a Lahadi ko ranar hutu, wa'adin yana zarcewa zuwa ranar aiki ta gaba, idan kuma wa'adin bai wuce kwana shida ba, ba a ƙirga ranakun hutu a ciki. Amma kada wanda ke da ƙarar zaɓe ya jingina da wannan. Kwana 21 na shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako, da kwana 14 na ƙarar kafin zaɓe, da 180 na yanke hukunci, a sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki suke, kuma kotuna sun sha yanke cewa suna tafiya ba tsayawa, da Asabar da Lahadi da hutu. Ɗalibai masu rubuta WAEC ko NECO su ma su jira sanarwar hukumar jarrabawar kafin su zauna a gida, musamman WAEC da jadawalinta ya haɗa Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya.

Shin za a riƙa yi duk shekara? A'a. Sanarwar ta ambaci rana ɗaya a shekara ɗaya, ta ƙare da faɗuwar ranar. Kafin wata rana ta zama ta dindindin sai an shigar da ita jadawalin dokar, wannan kuwa aikin majalisa ne. Ƙudiri zai fito daga ɗan majalisa ko daga ɓangaren zartarwa, a yi masa karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a saurari ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan a tura wa ɗaya zauren ya bi irin wannan hanyar. In zaurukan biyu sun saɓa a lafazi, kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Akawun majalisa ya miƙa wa shugaban ƙasa, shi kuma sashe na 58 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure za su iya mayar da shi doka ba tare da shi ba.

Misalin da ya fi nuna wannan tafiya shi ne 12 ga Yuni, kuma labarinsa ya ratsa ta garinku. A Jos ne jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a watan Maris na 1993, inda Moshood Abiola ya sami tikitin takarar shugaban ƙasa a kan Babagana Kingibe da Atiku Abubakar. Aka yi zaɓe 12 ga Yuni, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke shi, Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998. Shekaru da dama jihohin Yarbawa irin su Legas da Ogun da Osun suna ba da hutun ranar da ikon gwamnoninsu, tarayya kuma tana bikin dimokuraɗiyya a 29 ga Mayu. Ranar 6 ga Yunin 2018 Buhari ya sanar cewa 12 ga Yuni ce za ta maye gurbin 29 ga Mayu, ya ba Abiola lambar girmamawa ta ƙasa ta GCFR, ya ba Kingibe da marigayi Gani Fawehinmi GCON. Amma sanarwar ba ta isa ta goge rana daga jadawali ta sa wata ba. Sai da majalisa ta kammala gyaran a watan Mayun 2019, shugaban ya sa hannu ranar 10 ga Yuni, kwana biyu kafin bikin farko, wanda a wurinsa ne ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola. Tun daga nan 29 ga Mayu ba ta zama hutu sai an yi mata sanarwa ta musamman, kamar yadda aka yi a 2023 don rantsar da Bola Tinubu.

Wani ƙaramin abu da ke ɗaure wa mutane kai: sashe na 5 na Dokar Ranakun Hutu ya ce idan ranar hutu ta faɗo Asabar ko Lahadi, ba a rama ta da wata rana. Amma a 2021 da 12 ga Yuni ta zo ranar Asabar an ba da Litinin 14 ga wata, a 2022 da ta zo Lahadi aka ba da Litinin 13. Ba dokar ce ta ba da wannan Litinin ɗin kai tsaye ba, gwamnati ce ta ƙara ta da sanarwa. Ma'ana kada ka sa ta a lissafinka sai ka ji daga ma'aikatar.

Ka lura kuma cewa ko a 2019 ba a kira ranar da sunan Abiola ba, Ranar Dimokuraɗiyya aka ce. Babu sunan ɗan Najeriya ko ɗaya a jadawalin nan, kuma a nan amsar tambayarka ta ƙarshe take. In aka ba Sardauna rana, za a tambayi ta Tafawa Ɓalewa, ta Awolowo, ta Azikiwe, ta Malam Aminu Kano, ta Joseph Tarka, kuma kowa da gaskiyarsa. Ranar 15 ga Janairu, da aka kashe Sardauna da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa a 1966, ita ce kuma ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, ita ake tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, amma ana zuwa aiki. Na Murtala ma ba sai an je nesa ba. An kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976, kuma a cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa bayan wannan yunƙurin juyin mulki da Laftanar-Kanar Dimka ya jagoranta akwai Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan jihar Binuwai-Filato. Yau a Jos akwai titin Murtala Mohammed, akwai kuma sakatariyar jiha mai sunan Gomwalk, kowanne da mutanen da ke ganin girmansa da zuciya ɗaya. Titi da gini suna iya zama gari ɗaya ba tare da sun takura wa kowa ba. Hutun ƙasa kuwa yana buƙatar kowa ya ajiye aikinsa, shi ya sa gwamnatoci suka fi karkata ga sa suna a filin jirgi, ko jami'a, ko takardar kuɗi: Tafawa Ɓalewa a naira 5, Murtala a 20, Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500.

Ko sa sunan ma yana da tarkonsa idan an tsallake doka. A 29 ga Mayun 2012 Shugaba Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas ta koma sunan Abiola, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka yi bore, aka tafi kotu, kuma da yake sunan jami'ar a cikin dokar da ta kafa ta yake, har yau da tsohon sunanta ake kiran ta.

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyoyi daban. Amurka ta ware wa Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, rana ta hanyar doka da Shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1983, shekara 15 bayan kashe shi, aka fara kiyaye ta a 1986, kuma an ɗora ta a Litinin ta uku ta Janairu don kada ta riƙa faɗowa tsakiyar mako. Tanzaniya tana da ranar Nyerere, shugabanta na farko, a 14 ga Oktoba. Gana ta sha canza wa 21 ga Satumba, ranar haihuwar shugabanta na farko Kwame Nkrumah, suna da matsayi gwargwadon jam'iyyar da ke mulki, abin da ke faruwa ke nan idan ba a haɗu a kan gwarzon ba. Kenya ce ta yi abin da nake ganin ya fi dacewa da ƙasa irin tamu: 20 ga Oktoba a da ranar Kenyatta ce, shugabansu na farko, kundin tsarin mulkinsu na 2010 ya mayar da ita ranar gwarazan ƙasa baki ɗaya. Da za a nemi shawarata, rana ɗaya irin wannan zan goyi baya, a ɗora ta a Litinin, makarantu su yi makon da ya gabace ta suna koyar da tarihin mutanen, Sarauniya Amina da Nana Asma'u da Gambo Sawaba da Funmilayo Ransome-Kuti su shiga tare da mazan. Hutun jana'iza na yini ɗaya kuma a bar shi yadda yake a hannun shugaban ƙasa, don yana da amfaninsa: yana rage cunkoso a hanyar da manyan baƙi da jami'an tsaro za su bi, yana ba jama'a damar yin salla da addu'a.

In kai ko wata ƙungiya kuna son a ware wa wani gwarzo rana, hanyar gwamna ce mafi kusa, takarda ce zuwa ofishin sakataren gwamnatin jiha tare da goyon bayan sarakuna da shugabannin addinan biyu, wanda a Filato in babu shi maganar ba za ta yi nisa ba. Sai dai irin wannan hutun sai an sabunta sanarwarsa kowace shekara, kuma gwamnan da ya biyo baya yana iya yin shiru a kansa ba tare da ya karya wata doka ba. Wanda ke son abin da zai daɗe sai ya nemi ɗan majalisar wakilai ko sanatansa ya ɗauki ƙudirin gyaran jadawali, ya kuma sa ido a kan lokaci, domin ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa.